Babi na Biyar: Kunne Ya Riga Ido Shiga Silima

Duk wanda ya saba zuwa filin dambe ya san ana gane ɗan damben da zai fito tun kafin a ga fuskarsa. Da zarar makaɗi ya matse kalangu ya sauya hannu, sai fili ya kaure da sowa, domin an ji take, take kuwa suna ne da ake kira da bakin ganga. Haka abin yake a ƙofar fada, inda kakaki da tambari kan sanar da fitowar sarki tun yana cikin soro, jama'a su gyara tsayuwa alhali ido bai ga kowa ba tukuna. Saboda haka Bahaushe ba ya buƙatar malamin fim ya koya masa cewa sauti yana iya riga mutum isowa, ya kuma faɗi matsayinsa kafin ya buɗe baki. Maganar da wannan babi ya tsaya a kanta ke nan: aikin kiɗa a fim aikin take ne. Kyamara tana ɗaukar abin da ke gabanta kawai, fuska da tufafi da ɗaki da hanya. Akwai abubuwa uku da ba ta iya kamawa komai tsadarta: abin da ke tafe bai iso ba, abin da ke ɓoye a zuciya, da abin da ya riga ya wuce amma bai saki mutum ba. Waɗannan ukun kiɗa ne ke ɗauke da su. Daga nan ne kuma ma'aunin kiɗan fim yake fitowa. Daɗinsa a kunne ba ya isa hujja. Abin da za a yi shi ne a cire shi daga fitowar da aka sa shi, a sake kallo. In ma'ana ta tsaya yadda take, kiɗan ado ne. In ta rushe, to kiɗan yana cikin ginshiƙan labarin.

Tarihin silima kansa shaida ne. Daga 1895, lokacin da 'yan'uwan nan biyu na gidan Lumière suka fara nuna hoto mai motsi ga masu biyan kuɗi a Paris, har zuwa 1927 da fim ɗin The Jazz Singer ya fito a Amurka, fina-finai ba su da murya. Amma ba a cika kallonsu shiru ba. Ƙaramin gidan kallo kan ajiye mai fiyano a gindin allo, babba kuma ya ɗauki ƙungiyar makaɗa sukutum, kuma tun 1908 mashahurin mai tsara kiɗa na Faransa, Camille Saint-Saëns, ya rubuta kiɗa na musamman domin wani fim a kan kisan wani basarake. Akan ce an kawo makaɗan ne domin su danne ƙarar majigi. Da wannan ne kaɗai dalili, da kiɗa ya yi sallama ranar da 'yan wasa suka fara magana. An ma gwada hakan: a shekarun farko na fim mai magana, masu shiryawa da dama sun yi ɗari-ɗari da sa kiɗan da ba a ga makaɗinsa a allo ba, suna gudun kada ɗan kallo ya tambayi daga ina yake fitowa. Fim ɗin King Kong na 1933 yana cikin waɗanda suka kawar da wannan shakku. Ƙaton gwaggon birin da ya razana Amurkawa, a mafi yawan fitowa 'yar tsana ce da ba ta kai mita ɗaya ba, ana motsa ta kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto. Kiɗan da Max Steiner ya rubuta ne ya ba ta nauyi, ya sa takunta ya girgiza ƙasa, sannan a ƙarshe ya juya ya sa mutane tausayin dabbar da suka shafe awa guda suna tsoro.

Babu misalin da ya fi fito da aikin take fili kamar Jaws, wanda Steven Spielberg ya shirya a 1975. Labarin wani ƙaton kifi ne mai cin mutane da ya addabi wani gari na bakin teku. Kifin ƙarfe da roba da aka ƙera domin fim ɗin ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole aka ɗauki fitowa da yawa babu shi, har sai an ci fiye da rabin fim ɗin kafin a gan shi sosai. Abin da ya tsaya a madadinsa shi ne amo biyu masu kauri da John Williams ya jera, suna bin juna a hankali, sannan su yi ta ƙara sauri kamar bugun zuciyar mai gudu. Tun a mintunan farko an koya wa ɗan kallo cewa wannan shi ne taken dodon, daga nan kuma ruwa shuɗi da ƙafafun yara masu iyo sun isa su tsinka masa hanji. Gwanintar tana cikin yadda aka riƙe amanar taken. Akwai inda wasu yara biyu suka ɗaura ƙirar bayan kifi suka tsorata masu wanka: jama'a na ihu suna turereniya, amma taken bai tashi ba, domin dodon ba ya nan. Bayan an tabbatar wa kunne cewa taken ba ya ƙarya, sai aka yi amfani da wannan yardar aka mamaye shi: can a tsakiyar teku kifin ya ɓullo a bayan jirgi babu kiɗan gargaɗi ko kaɗan. Firgicin wannan fitowa bashi ne da aka ci daga duk wuraren da taken ya yi gaskiya a baya.

In Jaws ya nuna yadda kiɗa ke sanar da abin da ke tafe, fim ɗin Sergio Leone na 1968, Once Upon a Time in the West, ya nuna yadda yake riƙe abin da ya wuce. Leone da mai kiɗan fim ɗin, Ennio Morricone, sun yi aji ɗaya a makarantar firamare a birnin Rum, kuma a wannan aikin sun juya tsarin da aka saba: an rubuta kiɗan tun kafin a fara ɗauka, ana kunna shi a wurin aiki, 'yan wasa suna tafiya da juyawa bisa karinsa. Kowane babban ɗan wasa da nasa taken. Na baƙon da Charles Bronson ya fito a matsayinsa wani kuka ne mai kaifi na 'yar ƙaramar abar busa da ake riƙewa a baki, kuma fim ɗin ya yi ta maimaita shi ba tare da bayani ba. Sai a ƙarshe ake nuna asalinsa: tun yana yaro, mugun da yake farauta ya rataye yayansa, ya tsayar da shi a kan kafaɗun yaron, ya cusa wa yaron abar busar a baki, ta yadda numfashin wahalarsa ne ke fitar da sautin har ƙafafunsa suka gaza. Ashe duk tsawon fim ɗin ɗan kallo yana sauraron wannan ranar ne bai sani ba. Da an ba jarumin dogon jawabi ya bayyana dalilin ƙullacinsa, da an ji an wuce. Da yake a kunne aka dasa shi tun farko, ranar da asirin ya tonu sai ɗan kallo ya ji kamar shi ma da shi aka yi.

Amurka da Turai sun fi son kiɗa ya tsaya a bayan fage, yana aiki ba a lura da shi ba. Indiya ta bi wata hanya: ta fito da shi gaba, ta ba shi baki. Fim ɗin Indiya na farko mai magana, Alam Ara na Ardeshir Irani, ya fito a 1931 da waƙoƙi bakwai, ya gaji hakan daga wasannin daɓe da ake yi a ƙasar tun kafin zuwan kyamara. A 1935 aka fara dabarar naɗar waƙa tun da wuri a wani fim da Nitin Bose ya shirya a Kalkata, ɗan wasa ya riƙa motsa baki a kanta, kuma daga wannan dabara ce aka samu sana'ar mawaƙan da ake jin muryarsu ba a ganin fuskarsu, irin su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi. Mai ganin waƙar fim ɗin Indiya hutu ce da ake ba labari, ya duba Mughal-e-Azam na 1960. Baiwa ce, Anarkali, ta kamu da son yarima Salim, sarki Akbar kuma ya haramta. A fada baiwa ba ta da bakin da za ta yi wa sarki musu. Amma tana da damar rawa da waƙa a gabansa, domin aikinta ke nan. Sai ta tsaya a zauren madubai, Madhubala da ta fito a matsayinta tana rawa, muryar Lata tana fita, kiɗan Naushad yana tafe, ta shaida wa sarki ido da ido cewa ba ta tsoron abin da zai biyo bayan sonta. Yawancin fim ɗin baƙi da fari ne, amma wannan fitowa da launi aka ɗauke ta. A cire waƙar, babu tawaye, babu dalilin fushin sarki, babu sauran labari.

A nan ne alaƙar ƙasar Hausa da wannan batu take, kuma alaƙa ce ta gaske. Tun daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka riƙa shigo da fina-finan Indiya gidajen silima na Kano da Jos da Kaduna da sauran birane, mutane suka yi ta cika su shekara da shekaru, fim kamar Mother India na 1957 ya zama ɗan gida. Mafi yawan masu kallon ba sa jin Indiyanci. Abin tambaya shi ne yadda aka yi suka bi labarin awa uku cikin harshen da ba nasu ba, har suka yi kuka a inda ya dace. Fuska da tufafi sun taimaka, amma kiɗa ne tafinta: shi ke faɗin ga rabuwa ta zo, ga bos ya shigo, ga uwa ta tuna ɗanta. Karin waƙoƙin ya fita daga silima ya shiga gari. Makaɗa irin su Abdu Yaron Goge da Ali Makaho sun ari karin wasu suka ɗora musu baitocin Hausa, masu bandiri a Kano kuma suka ɗauki wasu suka mayar da su begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, al'amarin da masana irin su Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu suka yi nazari a kansa. Da fim ɗin Hausa na bidiyo ya kankama daga Turmin Danya a 1990, kunnen da zai saurare shi ya riga ya yi shekara talatin da ɗoriya yana karatu a wannan makaranta. Zuwan fiyanon Yamaha situdiyoyin Kano ya sauƙaƙa aikin, mutum ɗaya ya zama ƙungiyar makaɗa, kuma bayan kasuwar da Sangaya ya yi a 1999, an yi shekaru da wuya furodusa ya yarda ya fitar da fim ɗin soyayya babu waƙa.

Suka ta farko da ake yi wa kiɗan fim ita ce yaudara ce: yana shiga ta bayan hankali ya murɗa zuciya, ya sa mutum kuka ko murna ba tare da an ba shi hujja ba. Wannan suka tana da ƙafa, kuma tarihi ya ba ta shaida mai muni. A The Birth of a Nation na 1915, an ɗora wani kiɗan Richard Wagner mai tayar da tsikar jiki a kan sukuwar 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, masu kisan baƙaƙen fata, domin ɗan kallo ya gan su a matsayin masu ceto. Sai dai wannan kiɗan dai shi Francis Ford Coppola ya sa a Apocalypse Now a 1979, inda sojojin Amurka ke kunna shi da lasifika daga jirage masu saukar ungulu suna ruwan wuta a kan wani ƙauyen Biyetnam. Can an yi amfani da shi a ɗaukaka kisa, nan an yi amfani da shi a tona asirin masu jin daɗin kisa, har ɗan kallo ya kama kansa yana jin daɗin kiɗan ya ji kunya. Amo bai sauya ba, niyyar mai ɗora shi ce ta sauya. Kuma in murɗa zuciya laifi ne, to ba kiɗa kaɗai ke aikata shi ba: matso da kyamara kusa da ido mai hawaye murɗawa ce, zaɓen inda za a yanke hoto murɗawa ce, hasken da aka zuba wa fuska murɗawa ce. Maroƙi ma yana iya wasa azzalumi har ya ji kansa a sama, amma ba a taɓa cewa a fasa ganguna saboda haka ba. Abin da ake yi shi ne a koyi sauraro, a riƙa tambayar wa ake yi wa kirari, kuma ko ya cancanta.

Suka ta biyu ta masu son fim ya yi kama da rayuwa ce. Suna cewa babu wanda goge ke bi a baya ranar da aka yi masa rasuwa, don haka kiɗan da ba a ga mai yin sa ba ƙarya ce. A 1995 wasu daraktocin Denmak, Lars von Trier da Thomas Vinterberg, sun mayar da wannan ra'ayi doka a wata yarjejeniya da suka kira Dogme 95, suka haramta wa kansu duk kiɗan da ba a wurin ɗauka yake tashi ba. Akwai kuma manyan fina-finai da suka yi ƙarfi da ƙarancin kiɗa, kamar No Country for Old Men na 2007, inda ƙarar iska da takun takalmi suka fi kowane goge ban tsoro. Amma a lura da abin da ke faruwa a irin waɗannan fina-finai. Shirun yana cizo ne domin kunne ya saba da a yi masa jagora, sai aka sake shi a daji shi kaɗai. Leone ma ya buɗe fim ɗin da aka ambata da kimanin minti goma babu kiɗa, sai ɗigar ruwa a kan hula da kukan ƙuda da ƙugin wani tsohon injin iska, kuma an jera su ne kamar yadda makaɗi ke jera bugu. Shiru a fim wani hannu ne na kiɗan. Alfred Hitchcock da kansa ya so a bar fitowar kisan banɗaki ta Psycho, a 1960, babu kiɗa, sai Bernard Herrmann ya rubuta mata ƙarar gogunan Turawa masu tsini, da Hitchcock ya ji ya janye ra'ayinsa. Kusan ba a ga wuƙa tana shiga jiki a fitowar ba, kunne ne ke jin saran. Shi kuwa von Trier, shekara biyar bayan dokarsa, ya shirya Dancer in the Dark, fim mai waƙa da rawa, ya ci babbar kyautar bikin Cannes da shi.

Suka ta uku ita ce wadda aka fi ji a gida: waƙa a tsakiyar fim baƙuwar al'ada ce, kwaikwayon Indiya ne, tana tsayar da labari, tana kuma ɓata tarbiyya. Abubuwa ne daban-daban aka ɗaure da igiya ɗaya, gara a kwance su. Maganar baƙunta ba ta da ƙarfi, domin tatsuniyar Hausa cike take da waƙa, kuma ba a ko'ina take zuwa ba: sai an kai inda magana ta gaza, marainiya ta tsaya a bakin rijiya ko an rufe yarinya a cikin kogon itace, sannan mai ba da labari ya sauya murya ya rera, yara su amsa. Dalilin da ya sa dabarar ta zauna daram a fim ɗin Hausa kuwa shi ne kunya. A al'adar da budurwa ba ta faɗin sirrin zuciyarta a gaban iyaye, amarya ba ta kiran sunan miji, uwa tana kawaici a kan ɗan fari, akwai tarin magana da ba ta da ƙofar fita a zance, kuma tun kafin kyamara waƙa ce ƙofar: waƙar daka, waƙar niƙa, waƙar gaɗa a dandali, inda mace kan yi habaicin da ba za ta iya furtawa a tsakar gida ba. Maganar tarbiyya kuma ta fi shafar rawa da sutura da cuɗanyar maza da mata, kuma a kansu aka fi kai ruwa rana tun da aka kafa hukumar tace fina-finai ta Kano a 2001. Hukuncin kiɗa a shari'a fage ne na malamai, sun kuma daɗe suna tattauna shi. Abin da tarihi ya nuna kawai shi ne hana waƙar fim ba ya kashe ta. A 1952 ministan watsa labarai na Indiya, B. V. Keskar, ya taƙaita sa waƙoƙin fim a rediyon gwamnati saboda yana ganin sun zubar da darajar kiɗan gargajiya. Jama'a suka murɗa akwatinsu zuwa Rediyon Silon, inda Ameen Sayani ke gabatar da su duk mako, har dole gwamnati ta buɗe tashar Vividh Bharati a 1957 ta dawo da su.

Inda masu suka suka yi gaskiya shi ne batun tsayar da labari, kuma ma'aunin da aka kafa a farkon babin nan ba ya yi wa kowa alfarma. An yi zamanin da waƙa ce ke sayar da fim a kasuwar kaset: ita ake fara naɗa, ita ake sakawa a talla, wani lokaci ma sai an same ta ake nemo labarin da za a rataya mata. Sakamakon haka shi ne fina-finai masu yawa da za a iya zare waƙoƙinsu uku ko huɗu a dasa a wani fim daban, babu wanda zai lura. Jarumi da jaruma sun sauya kaya sau biyar a lambu, an dawo labari yana nan inda aka bar shi. Irin wannan nanaye ta faɗi jarrabawar, ko da ta yi daɗi a gidan biki. Amma akwai hasarar da ta fi wannan girma, wadda gardamar rawa da waƙa ta rufe: an zuba ƙwazo da kuɗi a waƙar gaba, an bar kiɗan bayan fage a matsayin abin da mai haɗa hoto zai cike gurbi da shi a daren ƙarshe. Shi ya sa ake jin sautin baƙin ciki iri ɗaya a mutuwar uwa da ɓatan waya, ko a ji kiɗan da aka yanko daga wani fim na waje yana tafe a ƙarƙashin hirar tsakar gida, wani lokaci har ya danne maganar. Yanzu da fina-finai masu dogon zango suka karɓe kasuwa a talabijin da YouTube, waƙa da rawa sun ja baya, nauyin ya koma kan wannan ɓangaren da aka daɗe ana yi wa riƙon sakainar kashi. Labarin da zai yi mako hamsin ana bin sa ya fi kowane buƙatar take, domin da shi ɗan kallo zai riƙa tuna wane ne wane da abin da ke tsakaninsu.

Abin mamaki shi ne mai shirya fim a ƙasar Hausa ya gaji dukiyar da John Williams bai gada ba. Williams sai da ya ɓata mintunan farko yana koya wa Amurkawa ma'anar amonsa biyu, domin kafin ranar ba su nufin komai. Kunnen Bahaushe kuwa ya zo da ƙamus ɗinsa a cike. Kalangu yana kiran mahauta da 'yan dambe, dundufa tana kiran maƙera, gangar noma tana kawo ƙanshin damina da gayya, taushi da kotso suna kai mutum fada, algaita tana tafe da hawan salla, shantu da kiɗan ƙwarya suna buɗe ƙofar cikin gida inda maza ba sa shiga. Kowannensu yana ɗauke da sana'a da matsayi da lokaci, kuma ba a buƙatar ko kalma ɗaya ta bayani. Amfani da su ba ya nufin a jefar da fiyano, ko a mayar da kowane fim na ƙauye. Yana nufin a kira mai kiɗa tun ana rubuta labari, kamar yadda Leone ya kira Morricone, a zauna da shi a yanke wane ne ke da take, a ina zai fara tashi, a ina za a hana shi tashi. A ɗauki misalin labarin ɗan mahauci da ya yi boko ya zama babban ma'aikaci, yana ɓoye asalinsa ga surukansa. Ana iya ba shi jawabin minti biyar yana bayyana damuwarsa ga aboki. Ana kuma iya zaunar da shi a falon surukan, ana hira ana dariya, sai iska ta kwaso amon kalangu daga wata unguwa mai nisa, a ga yatsunsa sun fara bin bugun a kan gwiwa kafin ya farga ya dunƙule hannun. Duk Bahaushen da ke kallo ya gama jin labarin, kuma babu wanda ya ce uffan.